Ajiye Aiki Don Doguwar Tafiya Ƙasar Waje: Amsa Ga Wani Ma'aikaci Daga Samaru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wata cibiyar gwamnatin tarayya a nan Zariya, shekarata 11 a bakin aiki, ina mataki na 9, kuma shekaruna 38 da haihuwa. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya 3, mahaifiyata ma tana hannuna. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin karatun digiri na biyu na shekara ɗaya, kuɗin makaranta fam 16,000. Niyyata in ajiye aiki, in sayar da filina da ke Hanwa, in karɓi kuɗin fanshona, in tafi, idan na zauna da gindina in ɗauko iyali. Wani ejan kuma ya ce idan karatun ya gagara zai samo mini takardar aikin kula da tsofaffi a can. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a gurbin da ka samu. Na shafe shekara 30 da 'yan kai a sashen kula da al'amuran ma'aikata, mafi yawansu a nan Zariya, kuma fayil ɗin masu irin niyyarka ya sha bi ta teburina, na waɗanda suka tafi suka dace da na waɗanda suka dawo suna neman a mayar da su aikin da suka bari da hannunsu. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarka shi ne yadda ka jera matakan. Ka sa ajiye aiki a farko, alhali a cikin duk abin da ka ambata shi kaɗai ne ba ya warwaruwa idan an ƙulla shi, saboda haka shi ya kamata ya zo a ƙarshe, idan ma har zai zo. Fili ana sake saye, gurbin karatu ana sake nema, amma gurbin aikin gwamnatin tarayya mai shekara 11 a kansa, da wuya mai shekara 40 ya sake samun irinsa.

Ba na cikin masu ganin barin gida laifi ne. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja, alhazan ƙafa sun ratsa Cadi da Sudan suna aiki a hanya shekara da shekaru kafin su isa Makka, kuma likitan farko da Arewa ta samu, Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa ne da ya je Birmingham ya yi karatu ya dawo. Sai dai akwai wata hikima a tsarin ci-rani da nake so ka riƙe. Ɗan ci-rani yakan tafi ne bayan an kawar da amfanin gona an zuba a rumbu, yakan bar wa iyali abin da zai kai su, kuma ba ya sayar da gonar don ya yi kuɗin mota, domin ya san idan birni bai karɓe shi ba damina tana jiransa a gida. Aikinka shi ne gonarka, kuma dokokin aikin gwamnati sun tanadi hanyar da za ka tafi ka bar ta a tsare.

Hanyar ita ce hutun karatu. Iri biyu ne a mafi yawan ma'aikatu da cibiyoyin tarayya. Akwai wanda ake ci gaba da biyan mutum albashi, wanda galibi ake bai wa ma'aikacin da hukuma ta ga karatunsa zai amfane ta kai tsaye, kuma a madadin haka yakan sa hannu a yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru, da masu tsaya masa. Akwai kuma hutun da ba albashi, wanda ya fi sauƙin samu tunda ba ya cin hukuma ko kwabo, kuma shi nake ganin ya fi dacewa da mai zuciya biyu irinka, wanda bai tabbatar ko zai dawo ba. A lokacin wannan hutu albashi yana tsayawa, zubin fansho yana tsayawa, ƙarin girma ma yakan jira, amma sunanka yana nan a jerin ma'aikata, kuma ranar da ka dawo ka rubuta takardar kama aiki kujerarka tana nan. Sharuɗɗan da aka fi dubawa su ne a ce an riga an tabbatar da mutum a aiki, wanda kai ka wuce wannan tuntuni, a ce karatun yana da alaƙa da aikin, a ce kuma sashensa zai iya tafiya ba tare da shi ba na tsawon lokacin. Adadin shekarun da ake bayarwa da yadda ake sabuntawa suna cikin kundin ƙa'idojin aiki na cibiyarku, kuma abin mamaki ne yawan ma'aikatan da suke yin ritaya ba su taɓa buɗe wannan kundi ba.

Takardar neman hutun tana bi ta hannun shugaban sashenka ne, ta je ofishin kula da ma'aikata, ta jira zaman kwamitin da ke duba horar da ma'aikata, kuma irin waɗannan kwamitoci ba kowane wata suke zama ba. Wanda ya shigar da takarda saura mako uku jirginsa ya tashi ya jefa kansa cikin matsi da gangan. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ya fi kowane muni, wato su tafi a kan cewa shugaba ya ce ba komai, takarda za ta biyo baya. Maganar baki ba ta shiga fayil. Shugaban da ya ce maka ba komai ana iya canja masa wurin aiki bayan wata biyu, wanda ya gaje shi kuwa abin da zai gani kawai shi ne ma'aikaci ba ya zuwa aiki kuma babu takardar izini. Rashin zuwa aiki ba tare da izini ba yana cikin manyan laifuffuka a dokokin aikin gwamnati, kuma hukuncinsa yana kaiwa ga kora.

Na taɓa riƙe fayil ɗin wani matashi mai hazaƙa da ya tafi ta wannan hanya, ya bar abokinsa yana sa masa hannu a rajistar zuwa aiki, albashi kuma yana ta shiga asusunsa. Da aka yi tantance ma'aikata asiri ya tonu, aka aika masa takardar tuhuma bai amsa ba, aka kore shi, abokin nasa ma ya sha da ƙyar. Bayan shekara huɗu sai ga wasiƙa daga wani wurin aiki a ƙasar da yake, suna neman mu tabbatar musu da shekarun da ya yi da mu da kuma dalilin rabuwarmu. Ya yi ta kiran waya yana roƙo, ya turo dattawan unguwarsu har gida, amma babu wanda zai sa hannu a kan abin da ya saɓa wa fayil. Mutane suna mantawa cewa ƙasashen nan da ake son zuwa sun fi mu bin diddigin tarihin aiki, kuma shekara 11 ɗin da kake taƙama da su ba su da wata daraja a can sai da takardar shaida daga inda ka yi su. Gwamnati ma ta farka a kan wannan batu. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cewa ma'aikatan da suka ƙaura ƙasar waje suna ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, a kuma hukunta shugabannin da suka rufa musu asiri. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuwa ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, kuma cikin dalilan da ya bayar har da yawan waɗanda ake turawa su ƙi dawowa, wanda ke nufin masu guduwa sun rufe ƙofa ga na bayansu.

Idan ka tafi da hutu, daga baya al'amura suka daidaita a can ka yanke shawarar zama, babu abin da ya hana ka aiko da takardar murabus daga inda kake kafin wa'adin hutun ya cika, ka biya abin da ake binka, a rufe fayil ɗinka cikin mutunci. Murabus yana da nasa ladubban. Dole ne a ba da sanarwa ta tsawon lokacin da takardar ɗaukarka aiki ta ƙayyade, ko a biya albashin wannan lokaci a madadinta. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta sa wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5 a wurin aiki, amma wannan mafi ƙaranci ne kuma ya fi shafar ƙananan ma'aikata, manyan ma'aikata a jami'o'i da cibiyoyin bincike sau da yawa wata uku ake nema daga gare su. Sannan akwai takardar wanke kai da za ta zaga sassa, daga ɗakin karatu zuwa sito zuwa ofishin kuɗi, kowa ya sa hannu cewa ba ya binka komai. Ka kula ƙwarai da bashin ƙungiyar adashin ma'aikata da na banki da aka ɗaura a kan albashi. Na ga mutanen kirki da aka riƙa yankar albashinsu wata da watanni saboda sun tsaya wa abokin aikin da ya ci bashi ya hau jirgi, kuma wannan haƙƙi ne da ba ya faɗuwa don mutum ya ƙetare teku. Kafin ka tafi, ko da hutu ko da murabus, ka haɗa takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da takardun albashi na watannin ƙarshe, ka ɗauki hotonsu ka adana, domin neman takarda a ofis daga nesa wahala ce da sai wanda ya gwada ya san ta.

Batun fansho kuwa, lissafinka ya ginu a kan abin da doka ba ta yarda da shi ba. Tun gyaran 2004, wanda dokar 2014 ta maye gurbinsa, kuɗin fanshon ma'aikacin tarayya yana taruwa ne a asusunsa na kansa a hannun kamfanin kula da fansho, ƙarƙashin sa idon hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 hukuma kuma ta zuba kashi 10. Kuɗin naka ne, ba ya ɓacewa don ka bar aiki, kuma yana ci gaba da samun riba. Amma wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya bar aiki, abin da zai iya cira bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, shi ma sai bayan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Sauran sai ya cika 50, kai kuwa saura shekara 12. Idan a ce akwai naira miliyan 4 a asusunka, miliyan 1 kaɗai za ka taɓa, kuma ba za ta zo ba sai bayan lokacin da kake bukatarta don neman biza ya wuce. Ajiye aikin shekara 11 don a sami wannan, sakin reshe ne a kama ganye.

Yanzu mu zo ga kuɗin tafiyar, domin a nan ne nake ganin ba a yi maka cikakken bayani ba. Fam 16,000 kuɗin makaranta ne kawai. Kafin a ba ka bizar ɗalibi sai ka nuna kana da abin da ya rage na kuɗin makarantar, da kuma kuɗin zama na wata 9, wanda a farkon 2025 aka sa shi fam 1,136 a kowane wata ga mai karatu a wajen Landan, wato fam 10,224, kuma adadin yana ƙaruwa lokaci zuwa lokaci. Akwai kuɗin kiwon lafiya da ake biya gaba ɗaya tun kafin a tafi, fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuma tunda bizar digiri na biyu takan zarce shekara da 'yan watanni, abin da ake karɓa yakan kai fam 1,164. Kuɗin bizar kanta ya haura fam 500. Idan ka haɗa waɗannan za ka ga sun doshi fam 28,000, kuma a canjin kusan naira 2,000 kowane fam da aka yi ta gani a 2024 da 2025, ana maganar naira miliyan 55 ko fiye. Ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa gwajin tarin fuka da ake yi a Abuja ko Legas ba, ban sa kuɗin ajiya da mai gidan haya zai nema ba, ban sa fasfo ba, wanda tun watan Satumban 2025 ya koma naira 100,000 mai shekara 5 da naira 200,000 mai shekara 10. Ka tambayi dillalan Hanwa nawa filinka zai yi a yau, ka ɗora a kan wannan jimla, ka ga inda ya tsaya.

Amsar da aka saba ba ni idan na yi wa mutum wannan lissafi ita ce zai yi aiki a can ya cike giɓin. Ɗalibi yana da izinin aiki na awa 20 kacal a mako lokacin da makaranta ke buɗe. A watan Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin lada a Birtaniya fam 12.21 a awa, saboda haka wanda ya dace ya sami cikakkun awanninsa kowane mako a kan wannan lada zai tashi da abin da bai wuce fam 1,060 ba a wata. Idan aka juya shi zuwa naira yana da daɗin ji, amma ka lura bai ma kai abin da gwamnatin ƙasar da kanta ta ƙiyasta a matsayin kuɗin zaman wata ba. Zai biya ɗaki da abinci da motar zuwa makaranta, da ƙyar. Ba zai biya kuɗin makaranta ba, balle ya ciyar da gida biyu a Zariya. Wanda kuma ya zarce awa 20 a ɓoye ya karya sharaɗin bizarsa, kuma ana iya soke ta.

Akwai kuma haɗarin canji, wanda ba a hannun kowa yake ba. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka tafi da ajiyarsu a naira da niyyar biyan makaranta kashi-kashi sun wayi gari kuɗinsu ya zama kashi ɗaya cikin uku. A watan Mayun 2024 kafafen labarai sun ruwaito yadda wasu ɗalibai 'yan Nijeriya a jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da karatunsu, aka umarce su da barin ƙasar. Cikinsu wanda ya bar aiki a gida da hutu yana da inda zai koma, wanda ya yi murabus ya sayar da kadara kuwa ya yi biyu babu. Ka kuma yi hattara da masu ba da aron kuɗi a zuba a asusu don a nuna wa ofishin biza. Ƙa'ida ita ce kuɗin ya kwana 28 a jere a asusun ba tare da ya ragu ba, ana iya tuntuɓar banki don tabbatarwa, kuma wanda aka kama da takardar bogi ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Ko da dabarar ta yi aiki, mutum ya yaudari kansa ne, tunda zai sauka a filin jirgi ba tare da kuɗin da ya ce yana da su ba.

Maganar ɗauko iyali ita ce ta fi damuna a wasiƙarka, domin da alama labarin da ke hannunka na shekarun baya ne. Tun 1 ga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya da izinin tafiya da mata ko 'ya'ya, an bar wannan dama ga masu digirin bincike irin na uku da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Bayan kammala karatu akwai bizar zama ta neman aiki ta shekara 2, wadda aka sanar za a rage ta zuwa wata 18 daga 2027, kuma ita ma ba ta ba mutum damar ɗauko iyalin da ba su zo da shi tun yana ɗalibi ba. Sai ya sami wurin aiki mai lasisin ɗaukar baƙi, a aikin da ya kai matakin da ake nema, da albashin da ya kai ƙa'ida, wadda tun watan Yulin 2025 take fam 41,700 a shekara, ko da yake ana sassauta wa sababbin masu digiri. Idan komai ya tafi daidai, kana maganar shekara 2 zuwa 3 kafin uwargida da yara su same ka. Idan bai tafi daidai ba, za ka dawo da digiri, wanda abu ne mai daraja, kuma a ranar ne za ka gane amfanin kujerar da ka bari a tsare.

Wannan rabuwa tana da hukunci a addini da kuma nauyi a al'ada, kuma bai kamata a bar ta a matsayin abin da za a duba daga baya ba. Ciyarwa, tufatarwa da wurin zama suna kan miji ko yana gari ko ba ya gari, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da doguwar tafiyar miji ta cutar da ita ko ya bar ta ba abin ci tana da damar kai ƙara gaban alƙali. Ka zauna da ita ka faɗa mata adadin shekarun na gaskiya, kada ka ce mata wata shida kana sane da cewa shekara uku ne. Ka nemi yardar mahaifiya da albarkarta, ka kuma tsayar da wanda zai riƙa kai ta asibiti da sunansa, domin "'yan'uwa suna nan" ba ya kai kowa asibitin Shika da tsakar dare. Ka ware kuɗin cefane da na makarantar yara na aƙalla shekara ɗaya a wani asusu dabam wanda ba ya cikin kuɗin tafiya, tunda ka riga ka ga cewa watannin farko ba za ka iya turo komai ba. Ka rubuta wasiyya da jerin basussukan da ake binka da waɗanda kake bi, ka naɗa wakili a rubuce a gaban shaidu, kuma idan filin bai tafi ba ka tabbatar takardunsa sun yi rajista a hukumar filaye ta Jihar Kaduna, KADGIS, domin filin matafiyi shi ne ya fi saurin samun mai shi na biyu. Wani ƙaramin abu da ake rainawa shi ne layin wayar da ke haɗe da asusun bankinka da na fansho. Idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da lambar ga wani, saboda haka ka tafi da shi ka riƙa raya shi.

Shi kuwa ejan ɗin nan, ka rabu da shi. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu bizar kula da tsofaffi tafiya da iyali, kuma daga 22 ga Yulin 2025 an rufe wannan hanya gaba ɗaya ga masu nema daga wajen ƙasar. Duk wanda ya ce zai samo maka ita daga Nijeriya a yau, ko bai san aikinsa ba ko kuma ya san abin da yake yi sarai. Tun ma kafin a rufe, takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce, wurin aikin ne ke fitar da ita kuma doka ba ta yarda a sayar wa ma'aikaci ba. Mutane da dama sun biya miliyoyi, sun isa can sun tarar babu aikin, ko kuma aka soke lasisin kamfanin aka ba su kwana 60 su sami wani ko su fice. Na san kuma idan ta Ingila ta ƙi, akwai mai ce maka ka bi ta Umara ka maƙale a Saudiyya. Bizar Umara ba ta ba da izinin aiki, kuma rayuwar wanda ba shi da igama, wato takardar izinin zama, yana ɓuya daga jami'ai har ranar da za a kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sako shi jirgi, ba abin da mai mataki na 9 zai musanya aikinsa da shi ba ne. Aiki a ƙasashen Larabawa yana da hanyarsa ta halal, da kwantiragi a rubuce wanda mutum ya karanta ya fahimta tun yana gida, da sanin ko wane ne kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyinsa a can.

Akwai yanayin da ni da kaina nakan ce wa mutum ya ajiye aikin. Idan ya nemi hutu a kan lokaci aka hana shi, kuma yana riƙe da tayin aiki na gaskiya daga wurin da ya bincika ya tabbatar, biza ta riga ta fito, kuɗin zaman watannin farko da na gida suna hannu, to ya rubuta murabus ya cika wa'adin sanarwa ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka ci jarrabawar hukumomin can kafin su motsa sukan shiga wannan rukuni, haka ma wanda ya sami tallafin karatu cikakke. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa da ba a ba da dogon hutu shi ma lissafinsa dabam ne, tunda ba shi da ƙofar da kake da ita. Kai ba ka cikin ko ɗaya daga waɗannan a halin yanzu. Abin da ke hannunka takardar gurbin karatu ce, kuma jami'o'in Birtaniya suna bukatar kuɗin ɗaliban waje ƙwarai, saboda haka samun gurbi a irin wannan kwas bai kai wahalar da ake zato ba, kuma wanda ya samu bana yana iya samu baɗi.

Saboda haka ka rubuta wa jami'ar ka nemi su ɗage maka gurbin zuwa zango na gaba ko shekara mai zuwa, abu ne da jami'o'i da yawa suke yarda da shi, sai dai ka tambaye su ko kuɗin zai canja, kuma kada ka biya kafin alƙalami sai ka karanta sharaɗin mayar da shi idan aka hana ka biza. A cikin wannan tazara ka shigar da takardar neman hutun karatu, ka karɓi bayanin asusun fanshonka ka ga ainihin abin da ke ciki, ka kuma nemi tallafi. Shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi ga masu digiri na biyu na shekara ɗaya, yana neman wanda ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki, ana buɗe shi a watan Agusta, kuma sharaɗinsa shi ne mutum ya dawo ƙasarsa na shekara 2 bayan kammalawa. Akwai kuma tallafin ƙasashen Kwamanwel, wanda wasu nau'o'insa ake nema ta hannun hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya a Abuja. Gasar tana da zafi, amma a irin waɗannan shirye-shirye shekara 11 ɗinka a bakin aiki da wasiƙar shaida daga shugabanka su ne jarinka mafi girma, kuma dukansu biyun suna da ƙarfi ne muddin sunanka yana cikin jerin ma'aikata a ranar da ka cike fom ɗin.